Kafin Ki Shimfiɗa Gado Na Farko

'Yata, ranar da kika zo gaishe ni bayan Sallah kika faɗa mini niyyarki, ban ce miki komai ba sai Allah ya sa albarka, na kuma lura jikinki ya yi sanyi. Ba ƙin abin na yi ba. Ɗakin cike yake da baƙi, maganar kuwa ba ta cikin taro ba ce. Kin ce tunda magada sun amince ba za a sayar da gidan marigayi Malam ba, kowa ya yi ginin kansa a Rijiyar Zaki da Hotoro ya bar ɗakuna a kulle, kina so ki gyara shi ki tara tsofaffin da ba su da mai duba su. Na kwana ina juya maganar. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin jinya kafin in ajiye, kuma yawancin abin da zan gaya miki a gefen gado na koye shi.

Za ki ji ana cewa Bahaushe ba ya kai iyayensa gidan gajiyayyu. Gaskiya ne, Allah kuma ya bar mu a kan haka. Amma duk wanda ke bin lungunan Yakasai da Zage da Mandawari da safe ya san tsohuwar da ba ta taɓa haihuwa ba, ko wadda ta binne 'ya'yanta duka, tana kwana a zauren wani da 'yar tabarmarta da kwanon sha. Birnin nan ya daɗe da sanin irin waɗannan bayin Allah, ya kuma yi musu tanadi irin nasa. Makafi suna da sarkinsu da unguwarsu, attajirai suna fitar da tuwo ƙofar gida kowane dare, ga gidan gajiyayyu na Shahuci nan kusa da Asibitin Murtala inda ƙungiyoyi ke kai shinkafa da atamfa, musamman da azumi. A wajen ganuwa akwai gidan marayu na Nassarawa da gidan Torrey na Tudun Maliki. Ba baƙon abu kika zo da shi ba. Ki je ki ga wuraren nan da idonki, ki zauna da ma'aikatansu ki tambaye su abin da ya fi ba su wahala, gani ya kori ji.

Abin da ya hana ni barci shi ne kalma ɗaya da kika maimaita har sau uku: aikin lada ne. Na yarda, kuma na san zuciyarki. Sai dai na ga yadda kalmar nan take rufe bakin mutane. In an ce aikin Allah ake yi, kowa sai ya ji nauyin tambaya. Wanda aka ba tuwo kyauta ba ya cewa miyar ta yi tsami, maƙwabci ba ya cewa ya ji kuka da dare, mai gidan ma sai ya daina tuhumar kansa. Alhali ranar da kika ɗauko tsohuwa daga zaure kika ce ta zo ta zauna a hannunki, abin ya tashi daga sadaka ya koma amana. A zaure tana iya tashi ta koma wani zauren in an wulaƙanta ta. A gidanki ba ta da inda za ta.

Bari in bi da ke cikin gidan kamar yadda na san shi, tunda a nan aka yanke mini cibi.

Dokin ƙofar zaure ya kai taƙi guda, wanda ke tsakanin soro na biyu da tsakar gida ma haka. An yi su don tare ruwan damina, amma ƙafar ɗan shekara tamanin ba ta ɗaguwa haka, keken guragu kuma ba ya hawa. A fasa su, a yi gangara mai sauƙi, ruwa kuma a yi masa hanya ta daban. Sai makewayi. A nan nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau.

Ba ki riski yayar mahaifiyarmu ba, wadda muke kira Inna. Ta haura tamanin amma tana yin komai da kanta, har toya wa yara ƙuli-ƙuli take yi. Wata asuba cikin hunturu ta fito alwala, buta a hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ga duhu don babu wuta. Simintin bakin makewayin ya yi gansakuka, irin koren nan mai santsi da ke fitowa inda ruwa ba ya bushewa. Ƙafa ta zame. Ta yi ta kira, amma kowa yana ƙudundune cikin bargo ƙofa a rufe, sai da gari ya waye aka same ta zaninta jiƙe jikinta kamar ƙanƙara. Ƙashin ƙugu ya karye. Aka kira mai ɗori, aka ɗauki makonni ana jiran ɗori ya kama, kafin mu yanke shawarar kai ta asibitin ƙashi na Dala kwanciya ta riga ta cinye ta. Ba ta ga damina ba. Ni da nake sa fararen kaya ina koya wa mutane tsafta a asibiti, kullum sai na tsallake gansakukar nan in na je gaishe ta, ban taɓa cewa a kankare ba. Har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Saboda haka kada ki karɓi mutum ko ɗaya sai makewayin ya sami ƙarfen kamawa a jikin bango, da daɓe mai kaushi wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa, da masai na zama, domin tsugunno ya fi ƙarfin gwiwar tsoho. A sa fitila mai aiki da sola daga ɗakuna har makewayi, wadda ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. Ƙofar makewayin ta riƙa buɗewa ta waje, don in mutum ya faɗi a bayanta a iya kai masa. A gefen kowane gado a ajiye ƙararrawa, ko da irin ta hannu ce ta makarantar firamare.

Rufin ɗakunan baya azara ce da ƙasa. Ki sa magini na gaskiya ya hau ya duba kafin ruwan Agusta, kin dai san yadda gidajen ƙasa ke ruftawa a cikin gari duk shekarar da aka bar yaɓe da indararo ba gyara.

Wuta ta fi ba ni tsoro. Motar 'yan kwana-kwana ba ta shiga lungunmu, ko adaidaita sahu a bakin titi yake tsayawa. Gidan kuma hanya ɗaya gare shi, daga tsakar gida zuwa soro zuwa zaure, tagogi duk an sa musu ƙarfe saboda ɓarayi. In wuta ta tashi a soro da ƙarfe biyun dare, ta ina za ki fitar da mutum goma waɗanda rabinsu ba sa iya tashi? A watan Janairun 2014 gobara ta kama wani gidan tsofaffi a ƙauyen L'Isle-Verte na lardin Kebek a Kanada, mutum 32 suka mutu. Ƙasa ce mai arziki, mai motocin kashe gobara da tituna masu faɗi. Amma da yawa daga mazauna gidan ba sa tafiya sai da keke ko madogari, ma'aikaci ɗaya ne kuma a bakin aiki a daren. In haka ta faru can, ki auna lungunmu. Ki roƙi maƙwabcin baya a huda ƙofa ta biyu, mukullinta a rataye inda kowane ma'aikaci ya sani. A sake wayoyin wutar gidan gaba ɗaya, tun zamanin Malam suke. Tukunyar gas da janareta su zauna a fili nesa da ɗakin kwana. Kaskon gawayi kada ya kwana a ɗaki rufe komai sanyi, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi. A maimakon maganin sauro na kunnawa a ɗaura gidan sauro. Sannan wata rana ki tara ma'aikatanki ku gwada: wata ta kwanta kamar ba ta iya motsi, a ɗauke ta daga ɗakin ƙarshe zuwa titi, ki duba agogo. Abin da agogon ya nuna shi zai gaya miki yawan mutanen da gidan zai iya ɗauka, ba yawan ɗakuna ba.

Kin lura duk abin da na lissafa da dare yake faruwa. Da rana kowane gida kyakkyawa ne, an share, an yi turare, baƙi sun zo an ɗauki hoto. Ni a asibiti in ina so in san halin ɗaki, da ƙarfe uku na dare nake shiga. Dole a sami mai kwana ido biyu, kuma ba mutum ɗaya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka balle ya ɗaga mutum daga ƙasa. Mata su kula da mata, maza su kula da maza. In ƙarfinki bai kai ki biya masu aikin dare ba, ki rage yawan gadaje har ya kai.

Wanda ya kwanta ba ya iya juyawa, kamar mai shanyewar ɓarin jiki, gyambon kwanciya ne abokin gabarsa. Nauyin jiki yana danne fata a kan ƙashi, jini ya daina zagayawa, naman ya mutu daga ciki kafin a ga komai a waje. Wuraren da za ki duba su ne ƙasan gadon baya, da gefen ƙugu, da dunduniya, da kafaɗa. Littattafan Turawa suna cewa a nemi ja, amma a fatarmu ja ba ya fitowa sosai. Wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi sheƙi, in kin taɓa ki ji zafi ko tauri. Da zarar kin ga haka, kada a sake kwantar da shi ta wannan gefen. A juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗaga dunduniya kada ta taɓa katifa. Zanin gado ya zama busasshe ba tattara, domin fitsari da gumi su ke jiƙa fata ta saɓule. Na taɓa wanke gyambon da hannuna ya shige ciki har wuyan hannu, a jikin dattijon da 'ya'yansa ke ƙaunarsa ƙwarai, sun saya masa katifa mai tsada, sai dai babu wanda ya gaya musu a riƙa juya shi. A manna takarda a jikin bango, duk wadda ta juya mara lafiya ta rubuta lokaci ta sa hannu.

Rubutun nan kada ki raina shi. Kowane mutum da littafinsa: ciwon da yake da shi, maganin da likita ya rubuta, awon hawan jini da na suga, ranar da ya faɗi, ranar da ya ƙi cin abinci, da lambar wani nasa ko ta mai unguwar da ya san shi. Magani a kulle, mukulli a hannun mutum ɗaya. Kada a ba kowa ƙwayar da aka rubuta wa wani don ciwonsu ya yi kama. Ki nemi likita ko ma'aikacin jinya mai rajista da zai riƙa leƙowa a kai a kai, ki kuma san tun yanzu wa zai ɗauki mara lafiya zuwa Murtala in abu ya taso tsakar dare.

Abinci kin fi ni iyawa. Abu biyu kawai zan ƙara. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, sai jikinsa ya bushe bai nemi ruwa ba, a zafin Afrilu kuwa wannan kaɗai yana rikita masa hankali, don haka a riƙa miƙa masa ba sai ya tambaya ba. Mai shanyewar jiki kuma a zaunar da shi sosai kafin a ba shi kunu, cokali-cokali, don in ya sarƙe abincin huhu yake tafiya. Sai kuma cututtukan da ake ɗauka. Ruwan 'yan ga-ruwa a tafasa ko a sa masa magani, amai da gudawa in ya shiga gidan tsofaffi ba ya tsayawa kan mutum ɗaya. Wanda ya yi tari fiye da mako biyu a kai shi Asibitin Zana a gwada. Ki ware ɗaki ɗaya mai taga biyu wanda ba kowa a ciki, don ranar da wani zai kamu da abin da ake ɗauka. Ba mu manta Afrilun 2020 ba, lokacin da masu haƙar kabari suka gaji, daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin Kano, rabi ko fiye suna da alaƙa da korona, yawancinsu kuma dattawa ne.

Yanzu ga wadda za ta fi gwada haƙurinki. Za a kawo miki tsohuwar da ruɗin tsufa ya kama. Za ta kira mijinta da ya rasu shekara ashirin, ta ce an sace mata kuɗi, da magariba ta ɗaure kayanta ta ce gida za ta. A unguwa irinta ake ce wa mayya, yara su bi ta da jifa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar yadda suga yake ciwo, ba maita ba ce, ba kuma iskanci ba. Ranar da ta fita sau uku aka nemo ta a Kasuwar Rimi, wata ma'aikaciya za ta ce a kulle ta a ɗaki, wata ta ce a ɗaure ƙafarta da zani a jikin gado don amfaninta, wani ya ce akwai ƙwayar da ke sa barci. Duk da kyakkyawar niyya za su faɗa. Kada ki yarda ko sau ɗaya, 'yata. Ki tuna watan Satumban 2019, da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa. Wata bai cika ba aka sami irinsa a Daura da Katsina, har gwamnatin Kano ta sa a rufe gidajen mari na nan. Da yawan waɗanda aka samu a ciki, iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu tarbiyya. Ban yarda an fara da sarƙa a rana ta farko ba. An fara ne da doguwar katanga, da ƙofar da ba mai shiga sai da izini, da mutanen da in sun yi ƙara ba mai gaskata su. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa irin waɗannan marasa lafiya haƙƙinsu. Tsohuwar da ke son fita, a sami mai raka ta ta zaga tsakar gida, a ba ta wake ta tsince, a bar mata tasbaharta da tsohon akwatinta, a kira ta da sunan da aka saba kiranta a gidan mijinta. Sau da yawa fitsari ne ya matse ta, ko wani wuri ke mata ciwo ta kasa faɗa.

Ma'aikata kuma ki biya su a kan lokaci, ki ba su ranar hutu. Yarinyar da ta yi wata biyu ba albashi, ta kwana uku ba barci, ita ce za ta daka wa tsoho tsawa. A koya musu yin sallama kafin shiga ɗaki, da sakin labule in ana wanka ko canza famfas. Masu kawo gudummawa kada su ɗauki hoton kowa yana karɓar leda su sa a Facebook, waɗannan iyayen wasu ne, ko da 'ya'yan suna ƙarƙashin ƙasa.

Kuɗi ma ba ya maganin wulaƙanta tsoho. A Faransa, a Janairun 2022, wani ɗan jarida mai suna Victor Castanet ya fallasa yadda kamfanin Orpea, mai gidajen tsofaffi masu tsadar gaske, yake ƙayyade abinci da famfas don riba ta ƙaru. Ingila kuwa tun 2009 take da hukumar CQC, wadda jami'anta ke iya faɗowa gida ba sanarwa, su duba littattafai, su keɓe da mazauna su ji ta bakinsu, sannan su ba gidan daraja ɗaya cikin huɗu, dole kuma a kafe sakamakon inda kowa zai gani. Da na fara jin wannan sai na ce ai duba-gari ne. Muna yara, zamanin En'e, in aka ce ga duba-gari nan sai ki ga mata sun zabura da tsintsiya. Yakan shigo har tsakar gida da kakinsa, ya buɗe randa ya ɗebo ruwa ya duba ko akwai 'ya'yan sauro, ya leƙa masai da kwata. Ba a son zuwansa, amma gidaje sun tsaftata saboda ba wanda ya san ranar da zai zo.

Ki yi wa kanki duba-gari tun kafin a aiko miki. Ki je ma'aikatar mata ta jiha ki yi rajista, ki nemi su zo su duba. Akwai cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a Abuja, wadda aka sa hannu kan dokarta a Janairun 2018 ta fara aiki a 2021, ki nemi ƙa'idojinta ki karanta. Ki gayyaci 'yan kwana-kwana su zaga gidan su faɗi abin da suka gani. Bayan su, ki roƙi mai unguwa da limamin masallacin lungu da wata dattijuwa mai faɗar gaskiya su zama idonki, da sharaɗin su shigo duk lokacin da suka ga dama, ko da tsakar dare ne, su zauna da tsofaffin ba ke a wurin. Dangi kada a sa musu ranar ziyara. Kuɗin zakka da na gudummawa a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa waɗannan mutane duk wata. Ranar da suka kawo miki ƙarar da ta yi miki ɗaci, ki gode musu a gaban ma'aikatanki, don kowa ya san a gidan nan ba a fushi da mai faɗa.

In kin auna duk wannan kika ga mutum huɗu kawai za ki iya riƙewa a bana, ki fara da huɗun. Sauran kina iya bin su inda suke da abinci da magani har Allah ya hore.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo da hantsi, ƙafata ta ɗan yi sauƙi. Ki karɓo mukullan ɗakunan duka wurin kawunki, har na ɗakin Malam, ki nemo magini da mai gyaran wuta su same mu a can. Ki taho da littafi da biro. Daga makewayi za mu fara.

Gwaggonki.